Thuranira a Bencin Masu Ciki

Ganyen mira, wanda ake taunawa kamar goro don ya kori barci, ba ya jiran kowa. An tsinko shi da safe a gonakin Maua, an naɗe a ganyen ayaba, to dole ne ya isa Nairobi kafin ya yi yaushi, don in ya yi yaushi ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Shi ya sa direbobinsa ba su san birki ba. Thuranira yana cikinsu, kuma ya daɗe yana wannan gudun, har furfura ta fara leƙo masa. Mutum ne kakkaura, gajeren wuya, in ya yi dariya sai ka ce ana gangaro da ganga daga kan tudu. Akori-kurar da yake ja ta Kaberia ce, sa'ansa, wanda aka yi musu kaciya tare.

Kowa a layinsu ya san Thuranira yana minshari. Maƙwabta har tsokanarsa suke, wai tun da ya tare a unguwar ɓarayi suka daina zuwa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matarsa Nkirote, mai sayar da shayi da mandazi, wato irin fankensu, a bakin tasha, minsharin bai dame ta ba, ta saba da shi kamar ƙarar ruwa a kan kwano. Shirun da ke biyo bayansa shi ne ya hana ta sakat. Yana cikin jan minsharin sai ya ɗauke ɗif. Ƙirji yana ta kokawa, yana hawa yana sauka, amma iska ba ta shiga. Ita kuwa tana kwance ido biyu tana jira, in ta ga abin ya yi tsawo sai ta zungure shi da gwiwar hannu, ya shaƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. Haka ake kwana. Da safe shi ya tashi da ciwon kai yana hamma, ita ta tashi ido ja, ta je ta ƙona mandazi.

In ta yi masa magana sai ya ce, "Maman Kinoti, ni fa ban taɓa jin na yi minshari ba."

"To mai barci yana jin kansa ne?"

"Ke dai kina son magana. Ubana ya yi minshari har ya ga jikokin jikokinsa."

"Ubanka tuƙi yake yi? Ubanka a gindin bishiya yake gyangyaɗinsa!"

Sai ya yi dariya, ya ɗebi mira ya cusa a kumatu, wai shi ne maganin barcinsa.

Ana nan, ran nan ya dawo gida a bayan babur, taɓo har wuya. Motar ta sauka daga kan kwalta ta faɗa gonar shinkafa a Mwea. Ya ce wa Kaberia jaki ne ya gitta masa, Kaberia kuma ya yarda, ya gyara mota ya mayar masa da makulli. Amma direban da ke biye da shi a ranar ya gaya wa matarsa, matar ta zo shan shayi ta gaya wa Nkirote: babu jaki, babu ko kaza. Hanya miƙe take, motar ce kawai ta dinga zamewa gefe a hankali, ko fitilar birki ba ta kama ba.

Tun daga ranar Nkirote ta rasa sukuni. Dare ba barci, rana kuma duk wayar da ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Har ta kai ga zuwa asibitin mishan don ciwon kan da ya addabe ta. Likitan ya tambaye ta ko tana samun barci, ita kuwa kamar jira take, ta zazzage masa komai. Ya saurare ta, sannan ya ce wannan ciwo ne sananne: in mutum ya yi barci naman wuyansa ya saki, sai hanyar iska ta toshe, sau da yawa kuma gindin harshe ne yake komawa baya ya rufe ta. Ya ce gwajin gaskiya sai Nairobi, inda mutum zai kwana an jona masa wayoyi, kuma layin yana da tsawo ƙwarai. Amma akwai Sista Kananu mai ɗaukar hoton ciki, ta koyo yadda ake ɗora na'urar a ƙarƙashin haɓa a auna harshe. Wanda aka ga nasa ya yi kauri, shi ake turawa gaban layi. Ranar Alhamis kaɗai take zuwa, kuma wannan Alhamis ɗin ce ta ƙarshe kafin ta tafi dogon hutu.

"A ina ake yi?" in ji Nkirote.

"Inda na'urar take mana. Ɓangaren masu haihuwa."

Nkirote ta dafe kai.

Yadda ta zata kuwa haka aka yi. Thuranira yana cin githeri, dafaffiyar masara da wake, ta kawo maganar, ya ajiye cokali ya dube ta kamar ta zagi kakansa.

"Ni? Ni da aka yi wa kaciya ban ko ƙifta ido ba, in je in kwanta a gadon da mata ke buɗe ciki? Ko haihuwar 'ya'yana ban taka wurin can ba!"

"Ba cikinka za a duba ba, Baban Kinoti, harshenka ne."

"To in harshe ake aunawa ai ke ya kamata a kai. Naki ya fi na kowa tsawo a Maua."

Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta sa faston cocinsu ya yi masa magana, duk a banza. Ranar Laraba da yamma haƙurinta ya ƙare. Ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Gobe ko dai ka bi ni asibiti, ko ni in je wurin Kaberia in ba shi labarin jakin Mwea. Wane launi ne jakin ma? Ka tuna mini."

Ya harare ta. Daga baya ya ce, "Kafin sha biyu a gama. Sha biyu ake lodi."

To a nan ne Nkirote ta yi abin da duk macen da ta taɓa haihuwa a garin nan za ta yi. Ciki huɗu ta yi, kowanne an ɗauki hotonsa, kuma kowane zuwa sai an ce mata ta sha ruwa ta cika mara, kada ta kuskura ta zaga, in ba haka ba na'ura ba ta gani. Ta taɓa ganin an koro wata daga kan gado saboda wannan. Ita kuwa ba za ta yarda a koro mata miji ba bayan wahalar da ta sha kafin ya yarda. Tun asuba ta hana shi shayi, ta dire masa kofin ruwa.

"Shanye."

"Na mene ne?"

"Haka ake yi. Ni na san wurin, kai ba ka sani ba."

Ya sha. Ta ƙara, ya sha. Ta cika 'yar jarka ta riƙo, suka kama hanya, shi a gaba da nisa kamar bai san ta ba, ya ja hula har kan gira.

Dogon benci ne a barandar, cike da mata, kowacce da turtsetsen cikinta da gorar ruwanta. Thuranira ya tsaya can nesa yana karanta wata sanarwa a bango, har ma'aikaciya ta ce wanda bai zauna a layi ba ba za a kira shi ba. Dole ya zo ya raɓa ɗuwawu a ƙarshen bencin. Hira ta tsaya cak. Sai wata mai suna Mukiri, mai sayar da kifi a kasuwa, wadda bakinta bai taɓa sanin hutu ba, ta leƙo ta dubi tumbinsa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Wata nawa ne?"

Bencin ya fashe da dariya.

"Ke Mukiri, ki ji tsoron Allah," in ji Nkirote. "Sa'an ubanki ne."

"Ai tausayi ne, Mama. Yadda ya sauko ɗin nan, ina jin tagwaye ne. Baba, suna motsi?"

Thuranira ya ƙura wa takalminsa ido. Nkirote ta yi musu bayani a taƙaice, cewa harshensa za a duba saboda minshari. Nan fa kowacce ta tuna da nata mijin. Wata ta ce nata kamar injin niƙa, wata ta ce ita ɗakin yara ta koma. Sannan Mukiri ta tambaya, "Ya dai sha ruwa ko?"

"Tun asuba yake sha."

"Ƙara masa. Sista Kananu ba ta wasa. In ta ɗora ta ga ba ka cika ba, waje za ka koma, bayan layi."

"Harshe fa aka ce," in ji Thuranira, karo na farko da ya buɗe baki. "Me ya haɗa harshe da mara?"

"Baba, na'ura ɗaya ce ko biyu? Da ruwa take gani. Mu da muka tsufa a bencin nan za ka koya wa?"

Duk suka goyi bayanta. Nkirote ta tsiyaya masa, ya sha, yana harararta ta saman kofi.

Layi ya fara tafiya, sai kuma ya tsaya. An kira Sista Kananu ɗakin haihuwa da gaggawa, ta fita da sauri, ta tura na'urar a gaba. Rana ta ɗaga. Thuranira ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sauke, ya sake ɗorawa. Gumi ya karyo masa. Wayarsa ta yi ƙara.

"Kana ina?" Muryar Kaberia har bencin ana ji. "An fara kawo kaya."

"Ina nan kusa. Ina... wurin mai gyaran taya."

A daidai lokacin wani jariri ya tsala ihu daga ciki.

"Wane irin mai gyaran taya ne wannan?"

Thuranira ya kashe wayar. Ya matso kusa da matarsa ya ce a kunnenta, "Maman Kinoti, zan zaga."

"Ba ka isa ba."

"Na rantse miki zan fashe."

"Ni sau huɗu na yi wannan, da mutum zaune a kan marata yana harbi. Kai da ba ka ƙifta ido ba, daure."

Ita kanta zuciyarta tafasa take. Ta rufe shagonta, ta bar masu shayin safe sun koma wurin kishiyar sana'arta, ga rana tana tafiya, ga wannan mutumin yana mutsu-mutsu kamar ɗan yaye. Tana kallon agogon bango tana kallon ƙofa. In sha biyu ta yi bai shiga ba, ta san tashi zai yi, kuma ba za ta sake samun wata Alhamis ba.

Da Sista Kananu ta dawo, ta ga namiji a benci, sai ta tuna da saƙon likita, ta roƙi matan su bari ya fara shiga. Mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ɗakin da ɗan duhu, an saki labule. Ta ce ya tuɓe jaket ɗinsa ya kwanta rigingine, ya ɗaga haɓa sama. Nkirote ta karɓi jaket ɗin ta zauna a kujera. Sista ta matsa masa wani mai mai sanyi da yauƙi a ƙarƙashin haɓa, ta ɗora kan na'urar.

"Baba, ka saki harshenka. Kada ka yi magana, kada ka haɗiyi yawu. Numfashi kawai ta hanci."

A allon na'urar wani abu toka-toka ya bayyana, kamar gajimare. Kafin ta tsayar da shi ya watse.

"Baba, ka haɗiya."

"Ban haɗiya ba."

"Ga shi kuma ka yi magana. Mu sake."

Suka sake. Ƙafafunsa suna ta murza juna, gadon yana ƙara, haƙoransa a datse, wuyansa ya yi tauri kamar icce. Sista ta gwada ta nan, ta gwada ta can, ta ɗaga na'urar.

"Haka ba zai yiwu ba. Duk naman wuyanka a ɗaure yake, abin da zan auna ba gaskiya zai ba ni ba. Tsoro kake ji? Ba ta da zafi fa."

"Fitsari yake ji," in ji Nkirote. "Amma kada ki damu, Sista, ya cika sosai. Tun asuba nake ba shi, jarka guda ya kusa shanyewa."

Sista Kananu ta sauke tabarau ta dube ta.

"Ruwan me, Mama?"

"Ruwan hoto mana."

Sista ta rufe baki da bayan hannu. Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah, amma kafaɗunta suka tona ta. "Mama, ai don a hango mahaifa ake cika mara. Mahaifa tana bayan mafitsara ne. Shi kuwa harshe... Baba, yi haƙuri, ƙofa ta biyu a hannun hagu."

Thuranira ya sauko daga gadon a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Ya tsaya a gaban matarsa, man nan yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kan riga. Ya buɗe baki, ya rufe, don abin da ke gabansa ya fi faɗa gaggawa. Ya fita da wani irin gudu na ƙananan taku, ya ratsa gaban bencin. Dariyar da ta tashi a barandar nan, har masu naƙuda sai da suka tambayi abin da ya faru.

Nkirote ta zauna kamar an watsa mata ruwan zafi. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ita da ta zo ceton mutum, ita ce ta mayar da shi abin dariyar gari, kuma ta san halinsa: daga makewayi ƙofar fita zai nufa.

"Mama," in ji Sista, "ina da mata da yawa a waje. In bai dawo yanzu ba, sai in kira ta gaba."

Nkirote ta miƙe, sai ta ji nauyi a aljihun jaket ɗin da ke hannunta. Makullin mota ne. Ta naɗe jaket ɗin tam, ta danna a hammata, ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

Ga shi nan tafe, fuska kamar hadari.

"Ba ni rigata."

"Shiga a gama."

"Maman Kinoti, kada ki sa in yi abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane. Ba ni rigata."

"Na yi kuskure, na yarda, ka zage ni a gida har gobe. Amma rigar nan sai dai ka ƙwace."

"Kin mayar da ni mahaukaci! Gobe duk tasha za a ji!"

"Gara su ji wannan da su ji an kwaso ka a buhu!" Muryarta ta fashe, ba ta so ba. "Kai kana barcinka, ni ce nake zaune ina gadin numfashinka kamar mai gadin kanti. Na gaji, Baban Kinoti. Na rantse da Allah na gaji."

Mata goma sha wani abu suna kallonsa, babu mai dariya yanzu. Mukiri ta gyara zama, ta ce a hankali, "Baba, laifinmu ne mu ma. Shiga mana. Mu ba inda za mu, nauyi ya hana."

Ko maganarta ce ta shige shi, ko kuwa idanun matan ne ya rasa inda zai ɓuya musu in ba ɗakin ba, oho. Ya dai ture labule ya shiga.

Wannan karon jikinsa ya saki kamar tsumma. Sista ta ɗora na'urar, gajimaren ya tsaya wuri ɗaya, ta nuna wa Nkirote da yatsa: wannan baka-bakan shi ne bayan harshe, nan ne gindinsa. Ta ja layi daga sama zuwa ƙasa ta auna kauri. Ta juya kan na'urar, ta taɓa wani maɓalli, sai ga ɗigo biyu masu launi suna bugawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Jijiyoyin jinin harshe ke nan. In sun yi nesa da juna, harshen yana da faɗi ke nan." Ta auna tsakaninsu, ta sake aunawa. Sannan ta sa shi ya toshe hanci, ya rufe baki, ya ja numfashi da ƙarfi, ta kalli yadda wurin ya matse. "To, Baba, huta kaɗan, in adana waɗannan."

Ta juya tana danne-danne. Fanka tana juyawa a sama. Mutumin da ya yi shekaru bai yi barcin kirki ba, ga duhu, ga sanyi, ga mara ta huta, me kuke tsammani? Kafin Sista ta gama, minshari ya cika ɗakin, har kwalaben kan tebur kamar suna amsawa.

Sai ya ɗauke.

Nkirote ta zabura za ta zungure shi, Sista ta riƙe mata hannu. Ta lallaɓa ta mayar da na'urar ƙarƙashin haɓarsa. Ya ja minshari biyu, ya sake ɗaukewa, kuma a allon suka ga abin da idonsu: tulin naman nan ya sulale baya a hankali, ya je ya zauna. Ƙirjin Thuranira yana ta fama, cikinsa yana shiga yana fita, babu iska. Nkirote ta sha jin wannan shirun a duhu, amma ba ta taɓa ganin abin da ke yin sa ba.

"Sista, tashe shi."

"Yanzu zai tashi da kansa."

Ya kuwa shaƙi iska da wani irin gurnani, harshen ya yi tsalle ya dawo gaba, ya buɗe ido.

"An gama? Ni fa ba barci na yi ba."

Sista ba ta yi musu da shi ba. Ta juyo masa da allon, ta maimaita abin da ta ɗauka. Ya kalla. Ya ce ta sake, ta sake.

"Wannan naman na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Nan bayansa hanyar iskarka take. Ka ga inda ya koma? To duk tsawon zamansa a can, ba ka numfashi."

Ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa. Ya saci kallon matarsa, ya kawar da kai.

"Kada in yi maka ƙarya," in ji Sista, tana goge masa haɓa. "Wannan hoton ba shi ne hukunci ba. Sai ka kwana a Nairobi sun auna sau nawa yake faruwa da yadda iskar jininka ke sauka, sannan a san maganin da ya dace da kai. Amma kaurin ya wuce yadda ake so, faɗin ma haka, ga kuma abin da muka gani. Zan sa a tura ka gaba."

"Yaushe ke nan?" in ji Nkirote da sauri.

"In an yi sa'a, ƙarshen watan gobe."

"Watan gobe! Wannan ne gaban layin?"

"Bayan layin sai baɗi, Mama. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe, ya rage tumbin nan, ya bar cin mira da yamma. Tuƙi kuwa, Baba, ni dai ba zan shiga motar da kake ja ba, ba kuma zan so ɗana ya tsallaka titi a gabanta ba."

"To mu ci me? Hoton?" in ji Thuranira.

Sista ta ɗaga labule ta kira Mukiri.

A bakin ƙofar asibiti suka tarar da Mithika a kan babur, wani direba ne da ya daɗe yana harin motar Kaberia. Wata daga cikin matan ta riga ta buga wa mijinta waya, labari kuma ya riga su isa tasha.

"Kaberia ya ce ko ka zo yanzu ko ka ba da makulli, ganye yana mutuwa." Mithika ya washe baki. "Af, barka da arziki. Mace aka gani ko namiji?"

Thuranira ya miƙa hannu, Nkirote ta ba shi jaket ɗin, don ba ta da sauran dabara. Ya zaro makullin ya riƙe. Tana kallon yatsunsa, ta san kalma ɗaya daga gare ta za ta iya tura shi kan babur ɗin nan. Ya juya makullin a tafin hannu, ya sake juyawa. Sannan ya jefa wa Mithika.

"Na yau kaɗai. Cikina ne ya ɓaci. Ka kula da giya ta uku, tana fita. In ka ƙwarzane mini mota sai na karya ka."

Babur ya tashi ya bar su a tsaye.

"Kin ji daɗi?" in ji shi.

Ba ta ji daɗi ba. Ta zaci in an kai nan za ta ji an sauke mata dutse, sai ta ji an ɗan gyara masa zama ne kawai. Suka taka har shago. Ta buɗe, ta hura gawayi. Shi kuwa da ba shi da wurin zuwa da rana tsaka, ya zauna a bencin masu shan shayi, ya juya wa tasha baya don kada ya haɗa ido da kowa. Ta dafa masa shayi, ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan.

"An ce ka rage tumbi."

"An ce, an ce." Ya ture kofin. "Ki ji da kyau, gobe zan karɓi motata. In na bar wa yaron nan ita kwana uku, ta tafi ke nan."

"Da idonka fa ka gani, Baban Kinoti."

"Na gani. A kwance na gani. Ni a zaune nake tuƙi."

Nkirote ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Ta rasa ko ta kwaɗa masa, ko ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Yau ɗaya ta samu, da kyar da jiɓin goshi, ga kuma safiya bayan safiya jere har ƙarshen watan gobe, kowacce da nata yaƙin. Ta ajiye ludayin, ta kwance zanen aiki, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ina kuma za ki?"

"Kangeta. Wurin tsohuwarka."

"Ke! Kada ki sa uwata a cikin maganar nan!"

"Ita ta haifi harshen, ita za ta san yadda za ta yi da shi. Ga mai nan a wuta, in ya yi zafi ka saka mandazi. Kada ka yi barci a kansa."

Ta tsallaka titi ta tsayar da matatu, motar haya, yana ta kiran sunanta ba ta waiwayo ba.